Kafin Memori da Filash: Labarin Diskit, Faifan Zip da Kafofin da Suka Tafi da Bayanan Mutane



Yau tarihi za mu ɗan taɓa. Amma ka daure ka karanta har ƙarshe, domin labarin ya shafi hotuna da bidiyo da takardun da ke cikin wayar da kake riƙe da ita yanzu haka.

Bari mu fara da tambaya. Ka taɓa lura cewa a kwamfuta mai Windows babbar ma'adanar bayanai sunanta C? To ina A da B suka shiga? Sannan wannan 'yar alamar mai kusurwa huɗu da kake dannawa a Microsoft Word idan za ka adana rubutu, hoton mene ne? Amsar duka biyun ɗaya ce: diskit. A da B gurabensa ne, alamar kuma hotonsa ce. Shi ya tafi, ya bar sunansa da hotonsa a hannun yaran da ba su taɓa ganinsa ba.

Kafin zuwan memori da filash, duniya ta kwashe kusan shekara 40 tana neman hanyar da mutum zai ciro bayanansa daga kwamfuta ya sa a jaka ya kai wata kwamfutar. An ƙera faya-fayai iri-iri, kowanne da na'urar da ke karanta shi, kowace na'ura kuma da irin kebul ɗinta da kafar da ake jona ta. Ka riƙe waɗannan abubuwa uku: faifai, na'ura, kafa. A kansu labarin nan yake tafiya.

FAIFAI MAI NAUYIN KILO HUƊU DA RABI

A shekarar 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da ma'adanar kwamfuta ta farko mai faifai, wato IBM 350. Faya-fayai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, nauyin na'urar kusan tan guda. Abin da take ɗauka haruffa miliyan 5 ne, ma'ana hoto ɗaya ko biyu na wayarka ya isa ya cika ta. Kuma ba a cire faifan. In ta cika, ta cika kenan.

A 1962 kamfanin ya kawo IBM 1311. Girmanta kamar injin wanki, amma tana da wani abu sabo: ana buɗe murfinta daga sama a ɗaga faya-fayan gaba ɗaya a ajiye a kan kanta, a ɗauko wasu a saka. Kowane ƙunshi faya-fayai 6 ne masu faɗin inci 14, nauyinsa kusan kilo huɗu da rabi, yana ɗaukar haruffa miliyan 2. Daga nan aka raba faifai da na'urarsa. Wannan rabuwar ita ce ta haifi duk abin da ya biyo baya, har zuwa memorin da kake cirewa da farce.

ZAMANIN DISKIT

A 1971 injiniyoyin IBM suka fito da faifai mai laushi kamar leda, an shafe shi da sinadarin maganaɗisu, an sa shi cikin ambulan ɗin roba mai shimfiɗar yadi a ciki don share ƙura. Faɗinsa inci 8, yana ɗaukar kusan KB 80. Shi ne faifan filofi, wanda a nan aka fi sani da diskit. Da farko ba don jama'a aka yi shi ba, don loda umarni ne a manyan kwamfutocin kamfanin.

A 1976 kamfanin Shugart Associates ya rage shi zuwa inci 5 da kwata. A farkon shekarun 1980 kuma Sony ta Japan ta ƙera mai inci 3 da rabi, mai gidan roba mai tauri da ɗan murfin ƙarfe da ke zamewa. Apple ta ɗauke shi a kwamfutar Macintosh ta 1984, IBM ta biyo baya, kuma daga 1987 mai ɗaukar MB 1.44 ya fara zama ruwan dare.

Wannan shi ne wanda yayyenmu suka sani. Ka tambayi duk wanda ya rubuta firojet a jami'a ko kwaleji a ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000. Za ka kai rubutunka shagon buga takardu, a buga maka, a zuba maka a diskit, ka sa a aljihu. Rana ta dake shi, ko ƙurar hunturu ta shige shi, ko ka ajiye shi kusa da sifikar rediyo mai maganaɗisu. Gobe ka koma gyaran babi na uku, a saka shi, kwamfuta ta yi ta gurnani, can ta ce faifan nan ba a tsara shi ba, ko kana so a goge shi a tsara? Mutane da yawa a nan suka rasa aikin wata da watanni.

A cikin kwamfuta, na'urar diskit tana da kebul ɗinta na musamman, mai faɗi kamar ɗamara, mai layuka 34. A kusa da ƙarshensa akwai wurin da aka murɗa wasu layukan. Na'urar da aka jona bayan murɗin ita ce A, wadda ke gabansa ita ce B. In ka juya kebul ɗin ka saka shi a baibai, fitilar na'urar za ta kunnu ta ƙi mutuwa, kuma ba za ta karanta komai ba. Tsofaffin masu gyaran kwamfuta duk sun san wannan alamar.

DA DISKIT YA YI KAƊAN

MB 1.44 ya ishi rubutu, amma bai ishi hoto da zane da sauti ba. Ko Windows 95, wanda ya saye shi a diskit sai da aka ba shi guda 13, yana saka ɗaya yana cire ɗaya. Masu tsara mujallu da masu zane a kwamfuta suna da aikin da ya kai MB 20 ko 30 da za su kai maɗaba'a, ga shi lokacin intanet ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan. Sai a mota ko a jaka.

Kamfanoni biyu na Amurka suka shiga wannan giɓin tun farkon shekarun 1980.

Na farko Iomega, da ke jihar Yuta. Ya ƙera Bernoulli Box, mai ɗaukar MB 10 a farkon fitowarsa. Sunan wani masanin lissafi ne ɗan Suwizalan na ƙarni na 18, Daniel Bernoulli, wanda ya yi bayanin yadda iska mai gudu ke rage matsi. Faifan mai laushi ne, idan yana juyawa da sauri iska ce ke jawo shi kusa da allurar da ke karatu. In an ɗauke wuta, juyi ya tsaya, sai faifan ya ja baya da kansa, allura ba ta karce shi ba. Ka ga dabara.

Na biyu SyQuest, wanda Syed Iftikar ya kafa a 1982. Shi faifai mai tauri ya ɗauko, irin na cikin hadis ɗin kwamfuta, ya sa a gidan roba da ake cirewa. Mai ɗaukar MB 44 ya zama kamar kuɗin hannu a tsakanin masu ɗab'i a Amurka da Turai: duk maɗaba'ar da ta san abin da take yi tana da na'urar SyQuest a kan tebur. Matsalarsa ita ce tsada, kuma in ya faɗi ƙasa sai addu'a.

SAI GA ZIP

A ƙarshen 1994 Iomega ya sanar da wata sabuwar na'ura, ta shiga kasuwa a 1995. Sunanta Zip. Shuɗiya ce, girmanta kamar littafi mai kauri, da 'yar taga a sama da kake hango faifan. Faifan ya ɗan fi diskit girma da kauri, amma yana ɗaukar MB 100, wato kusan diskit 70 a wuri ɗaya. Na'urar ba ta kai dala 200 ba, faifai ɗaya kuma kusan dala 20.

Kasuwa ta karɓe ta hannu bibbiyu. Ɗalibai, masu zane, mawaƙa masu haɗa sauti, ofisoshi, kowa Zip. Kamfanonin kwamfuta irin su Apple da Dell suka fara saka ta a cikin kwamfutocinsu tun daga masana'anta. Cinikin Iomega ya haura dala biliyan 1 a 1996. SyQuest ya yi ƙoƙarin mayar da martani da EZ135 mai MB 135, daga baya da SparQ mai GB 1, amma abin bai yi ba, a watan Nuwamba 1998 ya durƙushe. Akwai kuma SuperDisk, ko LS-120, mai MB 120, wanda na'urarsa ke iya karanta tsohon diskit ma. A takarda ya fi Zip dabara, amma ya iso bayan an gama rabon kasuwa. Iomega ya ƙara da Jaz mai GB 1, sannan GB 2, don masu manyan ayyuka irin na bidiyo.

Ka lura da abu ɗaya: babu ɗaya daga cikin waɗannan faya-fayan da ke shiga na'urar wani. Faifan Zip sai na'urar Zip, na SyQuest sai ta SyQuest, na Jaz sai ta Jaz. Ko a cikin gidan Zip ɗin ma akwai rigima. Da aka fito da mai MB 250, tsohuwar na'ura ba ta karanta shi. Da aka fito da na'ura mai MB 750 a 2002, tana karanta tsohon faifai mai MB 100 amma ba ta iya rubutu a kansa.

TO, TA INA ZA A JONA?

Nan ne asalin ciwon kan. Yau in ka sayi filash ba ka tambayar mai shago ko zai shiga kwamfutarka. A 1995 kuwa tambayar farko kenan, domin babu USB. Wanda zai sayi Zip sai ya zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyi uku, kuma in ya yi kuskure ya sayi abin da ba zai yi masa aiki ba.

Hanya ta farko: kafar firinta. A bayan kusan kowace kwamfuta irin ta IBM akwai wata doguwar kafa mai ramuka 25, ana ce mata faralel, saboda tana tura bit 8 a jere lokaci guda ta layuka 8. Don firinta aka yi ta. Iomega ya ga kowa yana da ita, sai ya ari hanyar. Na'urar Zip tana da kafa biyu a baya: ɗaya ta tafi kwamfuta, ɗaya kuma ka jona firintarka, su riƙa raba hanya. Amfaninta shi ne ba sai ka buɗe kwamfuta ba, kana iya ɗaukar na'urar ka kai gidan abokinka. Illarta kuwa jinkiri. Ka fara kwafe babban fayil, kwamfuta ta kusa tsayawa cak, ka je ka sha shayi ka dawo ba ta gama ba. Wani lokaci kuma firinta da Zip su yi ta rikici a kan wa zai wuce.

Hanya ta biyu: SCSI, ana furta shi sikazi. Ya samo asali ne daga wani tsari na kamfanin Shugart Associates, aka amince da shi a matsayin ƙa'ida a Amurka a 1986, kuma a shekarar Apple ta saka shi a Macintosh Plus. Ya fi kafar firinta sauri nesa ba kusa ba, kuma kana iya jera na'urori har 7 a kebul ɗaya, wannan ta jona wannan, kamar ayarin raƙuma. Amma yana da sharuɗɗa. Kowace na'ura sai ka ba ta lambarta daga 0 zuwa 7, in biyu suka yi karo a lamba ɗaya komai ya rikice. Ita Zip ma lamba biyu kawai take yarda da su, 5 ko 6, da wani ɗan makunni a bayanta. Na'urar ƙarshe a layi kuma sai an toshe ta da abin da ake kira taminato, in ba haka ba saƙon lantarki zai je ƙarshen kebul ya dawo kamar amsa-kuwwa ya lalata bayanai. Sannan sai ka kashe komai kafin ka jona ko ka cire. Mai kwamfuta irin ta IBM kuma sai ya sayi kati na musamman ya buɗe kwamfutarsa ya dasa.

Ga wani tarko: kafar SCSI ta Macintosh da kafar firinta ta IBM kamarsu ɗaya sak, duka ramuka 25. Kebul zai shiga lafiya lau, amma harshen da suke magana da shi daban, yadda aka jera wutar daban. Wanda ya haɗa su bisa kuskure yana iya ƙona na'urarsa. Shigar kebul ba ita ce shaidar dacewa ba, kuma har yau haka abin yake: kebul ɗin Type-C biyu za su yi kama, ɗaya yana caji da tura fayil da sauri, ɗaya caji kawai yake yi a daddafe.

Hanya ta uku: IDE. Wannan ta cikin kwamfuta ce, kebul mai faɗi mai layuka 40 wanda hadis ke amfani da shi tun daga tsakiyar shekarun 1980. Na'ura biyu ke hawa kebul ɗaya, kuma sai ka matsar da wata 'yar roba ƙarama a bayan kowacce don nuna wace ce gaba, wace ce ke bin baya. Daga baya aka faɗaɗa tsarin aka kira shi ATAPI domin na'urar CD da irin su Zip su samu shiga. Yana da sauri, yana da araha, amma na'urar ta zama ta cikin gida, ba ta zuwa ko'ina.

Duk wannan bai ƙare ba sai ka saka manhajar direba, wadda galibi a diskit take zuwa. Ka ga abin dariya: kana buƙatar diskit kafin ka yi amfani da abin da ya zo maye gurbin diskit.

ƘARAR AJALI

A ƙarshen shekarun 1990 masu amfani da Zip suka fara kuka da wata matsala. Ka saka faifai, sai ka ji na'urar tana ƙas, ƙas, ƙas, ba ƙaƙƙautawa. Allurar karatu ce ta kasa gano inda bayanai suke, tana komawa baya tana sake gwadawa. Turawa suka laƙaba wa ƙarar suna mai ma'anar ƙarar ajali. Abin da ya fi muni, na'urar da ta lalace tana iya lalata faifai, kuma faifan da gefensa ya yage yana iya lalata allurar wata na'urar mai lafiya. Mutum ya ga tasa ta ƙi, ya ruga wurin abokinsa ya gwada, ya kashe ta abokin ma.

A 1998 masu saye suka haɗu suka kai kamfanin kotu a Amurka, aka sasanta a 2001 da ba su rangwame a kan kayan kamfanin. Rangwame kuwa ba ya dawo da aikin da ya ɓace. Mujallar PC World ta saka Zip a jerin kayan fasaha mafi muni a 2006, sannan a 2007 ta saka ta a jerin mafi kyau. Duka biyun kuma da gaskiyarsu.

USB TA SHARE FAGE

A watan Janairu 1996 wasu kamfanoni bakwai, cikinsu har da Intel da Microsoft da IBM da Compaq, suka fitar da tsarin USB na farko. Manufar ita ce kafa ɗaya ga kowa, a jona a cire ba tare da kashe kwamfuta ba, babu lamba, babu taminato. Da farko mutane ba su damu da ita ba. Sai a 1998 Apple ta fito da iMac, babu gurbin diskit, babu SCSI, sai kafar USB guda biyu. An yi ta sukar kamfanin, amma masu ƙera kayan kwamfuta suka bi, har Iomega ya fito da Zip mai USB.

Sai dai kafar da ta sauƙaƙa wa Zip rayuwa ita ce ta buɗe wa magajinsa ƙofa. A shekarar 2000 filash na farko suka shiga kasuwa, masu MB 8 kacal, kuma a shekarar aka fitar da USB 2.0 mai saurin da ya ninka na farko sau 40. Filash ba ya buƙatar wata na'ura, shi ne faifan, shi ne na'urar, babu abin da ke juyawa a ciki balle ya yi ƙas-ƙas. A ɗaya gefen kuma faifan CD da ake iya rubutawa, mai MB 650 zuwa 700, ya yi araha ƙwarai, kuma kusan kowace kwamfuta tana karanta shi. Tsakanin waɗannan biyun Zip ya rasa wurin tsayawa. A 2008 kamfanin EMC ya saye Iomega. Sony kuma ta daina ƙera diskit a 2011.

Amma ka san wani abu? SCSI bai mutu ba. Kebul ɗinsa ne ya tafi, harshensa yana nan. Duk lokacin da ka jona filash a wayarka ta OTG, umarnin karanta nan, rubuta can da ke bi ta cikin USB na SCSI ne. Ma'adanar UFS da ke cikin wayoyin Android da yawa na yanzu ita ma a kan umarnin SCSI aka gina ta. Wato kakan yana cikin aljihunka.

Shi ma diskit ya yi taurin rai. Rundunar sojin Amurka ta ci gaba da amfani da mai inci 8 a tsarin isar da umarni ga dakarun nukiliyarta har zuwa 2019. Gwamnatin Japan kuwa sai a 2024 ta gama soke dokokin da ke tilasta miƙa wasu takardun hukuma a diskit.

INA RUWANKA DA WANNAN TARIHIN?

A ce yau ka buɗe akwatin mahaifinka ka tarar da faifan Zip, an rubuta a jikinsa hotunan biki. Mai yiwuwa hotunan suna nan lafiya a ciki. Amma kana buƙatar na'urar Zip mai aiki. In ka samu mai USB, ka yi sa'a, yawancin kwamfutocin yau za su gane ta kamar filash. In mai kafar firinta ka samu, kwamfutarka ba ta da kafar. In ka sayi kebul mai juya USB zuwa kafar firinta, firinta kawai yake yi wa aiki, ba ya ɗaukar Zip. In ma ka samo tsohuwar kwamfuta mai kafar, sai ka nemo tsohon Windows da manhajar direban. Faifai iri ɗaya, bayanai iri ɗaya, amma kafar da aka zaɓa shekara 30 da suka wuce ita ke yanke hukunci.

Wannan ya taɓa faruwa da manya ma. A 1986 BBC ta tattara hotuna da taswirori da rubuce-rubucen rayuwar Birtaniya, da hannun yaran makarantu masu ɗimbin yawa, don cikar shekara 900 da rubuta wani tsohon kundin ƙidayar filaye na Ingila mai suna Domesday Book. Aka zuba aikin a manyan faya-fayan leza guda biyu, waɗanda sai da wata na'ura ta Philips da wata kwamfuta ta musamman, a haɗe ta SCSI, ake karanta su. Kafin shekara 20 na'urorin sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Lids da Mishigan suka yi aikin ceto a 2002. Shi kuwa kundin 1086, da aka rubuta da tawada a kan fata, yana nan ana karantawa. Haka littattafan malamanmu na Sakkwato da Kano da Katsina da aka rubuta da alƙalamin kara shekara 200 da suka wuce: ido kawai suke buƙata da ilimin karatu.

Kada ka ce wannan matsalar mutanen da ce. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ka tuna memorin MMC na Nokia 6600? Ka tuna M2 na wayoyin Sony Ericsson? Yau a wace waya za ka saka su? Ka tuna caja mai babban baki da mai ƙaramin baki ta Nokia, sai mini-USB, sai micro-USB, sai Type-C da ya fito a 2014? Apple ta bar kafarta mai faɗi a 2012 ta koma Lightning, ta bar Lightning a 2023 da iPhone 15. Laftof ɗin yanzu da yawa ba su da gurbin CD, alhali bidiyon bikin aure da na suna da na saukar karatu na gidaje da yawa a CD da DVD suke kwance. Shi kansa memorin microSD, iPhone ba ta taɓa karɓarsa ba, Samsung ta cire gurbinsa daga jerin Galaxy S21 a 2021, wasu kamfanonin ma suna bi.

ABIN DA ZA KA YI TUN YAU

1. Tattaro tsofaffin ma'adanai na gidanku: CD, DVD, tsohon memori, filash, tsohuwar waya, har diskit in akwai. Kwafe abin da ke ciki yanzu da sauran na'urar da ke karanta su. Har yanzu ana samun na'urar CD da ta diskit masu USB, da abin karanta memori mai ramuka da yawa.

2. Duk abin da ba za ka juri rasawa ba, ka ajiye shi a wuri uku: wayarka, wata ma'adana daban kamar filash ko hadis na waje, da kuma intanet, irin su Google Drive ko Google Photos. Ka tabbata ka san imel ɗinka da kalmar sirrinsa, ka kuma sa wani amintacce a gida ya san inda ka rubuta su. Asusun da aka manta makullinsa daidai yake da faifan da babu na'urarsa.

3. Kada ka jefa filash ko memori a durowa ka manta da shi shekara da shekaru. Cajin lantarki ne ke riƙe bayanan a ciki, kuma yana raguwa a hankali, musamman a wuri mai zafi. Ka riƙa dubawa lokaci-lokaci, bayan 'yan shekaru ka kwafe zuwa sabo.

4. Ka adana fayil a tsarin da kowace na'ura ke buɗewa: JPG ga hoto, PDF ga takarda, MP3 ga sauti, MP4 ga bidiyo.

5. In ma'adana ta fara baƙon hali, hadis yana ƙara, ko memori yana ɓacewa yana dawowa, ko waya ta ce a goge shi a sake tsarawa, kada ka danna amincewa. Ka fara kwashe abin da za ka iya kwashewa tukuna.

6. Takardu masu muhimmanci, na fili da na makaranta da na gado, da hotunan iyaye ƙwaya kaɗan, ka buga su a takarda ma.

Memorin GB 32 da ke wayarka yana ɗaukar abin da diskit sama da 22,000 za su ɗauka, ko faifan Zip 320. Wanda ya rasa diskit a 1999 babi ɗaya ya rasa. Kai in ka rasa naka, hotunan shekara goma ne, da muryar wani da ya riga mu gidan gaskiya. Don haka a daren nan, kafin ka kwanta, ka kwafe su.

Wanda ya taɓa amfani da diskit ko Zip a cikinku ya ba mu labarin yadda ta kaya da shi, matasa su ji. Ka kuma tura wa wanda ka san yana da tarin CD ɗin biki a gida. Allah ya sa mu amfana, sai mun haɗu a darasi na gaba.